Abin da Ruwa Ya Riƙe

Duk wanda aka haifa a wannan yanki namu na kudancin ƙasar Katsina, inda duwatsun Faskari ke fuskantar dajin da ya miƙa har Zamfara, inda kuma korama kan cika ta batse da damina sa'an nan ta koma rairayi tun ba a gama ɗibar auduga ba, in aka ce masa akwai waɗansu bayin Allah da sukan goya tukunyar iska, su faɗa cikin bahar mai tsananin sanyi, su gangara zurfin gaba ashirin da 'yan kai, ba lu'ulu'u suke nema ba, ba kuwa kifi ba, sai dai ziyarar gawar wani jirgin dakon kaya wanda ya nutse tun kakanninsu suna goye, lalle zai ɗauka tatsuniya ake yi masa, ko kuwa labari ne na mutanen da Allah ya yalwata wa arziki har suka rasa inda za su kai lafiyarsu.

A kan wannan zato nake ni ma, har daren da na kai ziyara Sabuwa wajen ɗiyata a tsakiyar hunturu, muna jin ɗumi bayan sallar isha'i, jikana ya matso da wayarsa ya ce, "Kaka, dubi ikon Allah." Na duba, sai ga ruwa kore mai duhu-duhu, ga mutum biyu cikin baƙaƙen riguna, kowanne da fitila a hannu, kumfa na tashi daga bakinsu, suna shawagi a hankali bisa wani ƙaton ƙarfe da tsatsa da gansakuka suka lulluɓe, har suka iso wani baki mai faɗin zaure, wanda ta nan a da ake zura kaya cikin jirgi, suka haska ciki, kifaye suka watse. Yaron yana jira in yi salati don mamaki, alhali ni zuciyata ta riga ta bar Sabuwa, ta koma baya shekara sittin, ta tsaya a wuri biyu: bakin rijiyar unguwarmu a ƙasar Ƙanƙara, da kasuwar auduga.

A zamanin nan da nake faɗi, kafin a san famfon tuƙa-tuƙa balle burtsatse, rijiya ita ce ran unguwa, kuma kowace ƙasa tana da gidan da ya gaji haƙa da yasa da nutso, kamar yadda ake gadon ƙira da wanzanci. In guga ya tsinke, da ƙugiya ake lalubo shi, wannan kuwa aikin mata ne da yara. Amma in akuya ce ta faɗa ta mutu, ko kuwa, Allah ya kiyaye, ɗan Adam ne, to sai a tashi mai gudu a kira wani dattijo siriri mai jajayen idanu, wanda maganarsa ta yini ba ta cika tafin hannu ba. Na ga aikinsa da idona wata safiya da jaura ke kaɗawa, sa'ad da yarinyar maƙwabtanmu, 'yar shekara bakwai, ta zame ta faɗa. Da ya iso, mata na kururuwa, maza na zagaye baki, bai taɓa igiya ba sai da ya sa aka kunna aci-balbal, ya ɗora ta cikin ƙwarya, ya zura ta sannu a hankali har kusa da ruwa, ya tsaya yana kallon harshen wutar. Wani saurayi ya ƙosa ya ce, "Baba, lokaci na ƙurewa!" Shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Ɗana, in wutar nan ta mutu a ƙasa na shiga, gawa biyu za ku fitar."

Da ya ga wutar ta rayu, sai ya tuɓe, ya shafe jikinsa da man gyaɗa, ya ce a hura wuta a dama kunu mai zafi a ajiye masa, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa ɗaya bakin ga ƙanensa shi kaɗai duk da ƙartin da ke wurin, ya tuna masa ishararsu, cewa fizga ɗaya a saki, fizga biyu a ja, sa'an nan ya yi bisimilla ya sauka. Sau uku yana nutsewa yana tasowa, muna jin shaƙar numfashinsa tana amsa-kuwwa daga ƙasa, a na ukun aka ji fizga biyu. Rai ya riga ya yi halinsa. Amma an yi wa yarinyar wanka, an yi mata sutura, an sallace ta, an kai ta makwancinta kafin azahar. Da uwar ta aiko masa da 'yan kuɗi ƙulle a bakin zane, yana zaune gaban wuta haƙoransa na haɗuwa, sai ya ce a mayar mata, a gaya mata ladan wannan ba a hannunta yake ba.

Wuri na biyu kuwa kasuwar auduga ce, wadda ita ma da hunturu take ci. Jakuna na shigowa tun asuba, ana zube kaɗa fara fat a bisa tabarmi, malamin auduga na damƙa yana dubawa yana cewa wannan lamba ɗaya, waccan lamba biyu, a ɗora a sikeli, a biya, motoci su kwasa zuwa Funtuwa gidan gurza na kamfanin BCGA, wanda mutanenmu ke kira Bisije. Can ake raba ta da angurya, a matse ta dila-dila, a loda wa jirgin ƙasa a layin nan da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan sai Ikko, sai jirgin ruwa, sai Libaful, sai masaƙun Mancesta. Na taɓa tambayar kakana ina ake kai wannan tulin duka, ya amsa mini da kalmomin da ban gane zurfinsu ba sai da na yi furfura: "Ruwan gishiri take hayewa, jikana. Wadda ta haye ta dawo mana akoko, wadda ba ta haye ba ruwa ya ci."

Ruwa kuwa ya ci da yawa, musamman a yaƙe-yaƙen duniya biyu, lokacin da Jamus ta ɗauri aniyar yanke wa Ingila hanyar abinci da kayan masana'antu. Jiragen kamfanin Elder Dempster su ne ke jigilar mutane da wasiƙu da amfanin gona tsakanin gaɓar Afirka ta Yamma da Libaful, saboda haka suka sha wuta ƙwarai. Ɗaya daga cikinsu sunansa Apapa, sunan tashar nan ta Ikko inda gyaɗarmu da audugarmu ke sallama da ƙasa. Ya taso daga Ikko da fasinja da kaya, ya keta bahar lafiya har ya zo gab da gida, sai a ranar 28 ga Nuwamba, 1917, wani jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbe shi daura da tsibirin Anglesey na yankin Wales, ya nutse da rayuka 77, cikinsu har da ma'aikatan jirgi 'yan Afirka ta Yamma. Aka ƙera wani aka maya masa sunan, shi ma jirgin saman Jamus ya jefa masa bam a yamma da Ailan cikin Nuwamba na 1940. Na farkon yana nan kwance har yau a zurfin mita 40 ko kusa da haka, kuma yana cikin jiragen da ma'abota nutso na can ke kai wa ziyara. Ashe dai mu da muke ganin ba abin da ya haɗa mu da bahar, hanyar guminmu ta ratsa ta kan waɗannan kaburbura na ƙarfe shekara da shekaru.

Wannan ne ya sa na nemi sanin yadda ake wannan nutso, na kuwa tarar ilmi ne mai ƙa'idodi da sharuɗɗa kamar kowane fanni. Na'urar da ke ba mutum iska daga tukunyar da ya goya daidai gwargwadon shaƙarsa, waɗansu Faransawa biyu ne, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera ta a 1943. Asalin mas'alar duka kuwa nauyin ruwa ne, domin kowace mita 10 da mutum ya gangara, akan ƙara masa matsi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu a doron ƙasa, ta yadda wanda ya isa inda Apapa yake, ninki biyar na abin da jikinsa ya saba yake ɗauke da shi, iskar tukunyarsa kuma ninki biyar take saurin ƙarewa. Bayan haka, kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da muke shaƙa wani sinadari ne da ake kira naitirojin, wanda a ƙarƙashin matsi yakan narke cikin jini da tsoka kamar yadda gas ke narkewa cikin kwalbar lemo; in mai nutso ya taso da garaje, sai ya zama kamar an fizge murfin kwalbar, kumfa ta tashi cikin jijiyoyi da gaɓoɓi, ta jawo azabar ciwo, ko shanyewar jiki, ko ajali. Tun 1908 wani likita ɗan Sikotilan, John Scott Haldane, ya tsara jadawalin yadda za a riƙa tasowa zango-zango, ana tsayawa ana jiran jiki ya fitar da abin da ya sha. Saboda haka wanda ya sauka zurfin nan da iska irin tamu, mintocin da yake da su a ƙasa ba su fi kimanin goma ba in yana son tasowa ba da dogon jira ba, ga shi kuma daga wajen mita 30 sinadarin nan yakan soma juya hankali kamar maye.

Sanyi kuwa shi ne babban abokin gaba, domin ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki wajen ninki 25, kuma a lokacin ɗarin Wales ruwan bahar da Apapa ke kwance ba ya kai digiri 10 a ma'aunin zafi. Don haka masu nutso sukan sa rigar da ruwa ba ya ratsawa, da wata mai kauri a ciki, duk da haka yatsu kan sandare, tunani ya yi nauyi. Sukan jira sa'ar da igiyar ruwa ta kwanta tsakanin cika da janyewa. Sukan saki igiya daga kwale-kwale har kan jirgin su bi ta sauka su bi ta hawa. Wanda zai kutsa ciki yakan ja zare a bayansa, don bugun ƙafa ɗaya ya isa ya tayar da laka ta rufe ido. Kuma ƙa'ida ce da ake koya wa ɗalibi tun ranar farko cewa ba a nutso sai da aboki. Da na kai nan a karatuna sai na ajiye takarda na yi shiru, domin na gane fuskar dattijonmu a cikin kowane layi. Gwada iska kafin shiga, da tanadin ɗumi kafin fita, da damƙa igiya a hannun amintacce, da haƙuri a lokacin da kowa ke gaggawa, waɗannan huɗu su ne ginshiƙan fannin a Wales, su ne kuma ya tsayar a bakin rijiyarmu, bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba.

Bambancin da ke tsakani, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai, shi ne su sun rubuta abin da suka sani, sun gina a kansa, sun kafa makarantu suna ba da shaidar ƙwarewa, har abin ya yalwata ya zama hanyar adana tarihi. Lokacin cikar Yaƙin Duniya na Ɗaya shekara ɗari, masanan Jami'ar Bangor sun bi ta kan irin waɗannan jirage da na'urar da ke zana ƙasan teku da amsa-kuwwar sauti. A Landan kuma, a Tower Hill, akwai bango da aka zana wa sunayen ma'aikatan jiragen kasuwanci waɗanda ba su da kabari sai ruwa. Mu kuwa iliminmu a ƙirjin dattawa yake, in an binne ƙirjin an binne littafin.

Dubi yadda al'amura suka juya a idonmu. Shirin raya aikin gona na Funtuwa da aka fara a 1975 ya kawo takin zamani da masara, masara ta ture auduga daga gonaki masu yawa. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, kasuwannin auduga irin na da suka watse. Burtsatse ya shigo, wannan kuwa ni'ima ce da ba mai musunta sai wanda bai taɓa jan guga gaba goma sha biyu ba. Amma da rijiya ta rage daraja, sai gidan masu yasa ya rasa abinci a sana'arsa, 'ya'ya suka kama acaba da tireda. Sa'an nan fitinar 'yan bindiga ta zo ta tashi ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, dattawa suka ƙare kwanakinsu a ɗakunan haya na cikin gari, nesa da rijiyoyin da suka san kowace matakala tasu. Abin lura kuwa, a daidai lokacin da masu nutso ke ƙarewa, ruwa mai zurfi ƙaruwa ya yi: ga madatsun ruwa irin na Mairuwa, ga kududdufan da masu aikin hanya suka bari, ga ramukan haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara da damina ke cikawa. Har wata sabuwar musiba ta ɓullo, ta sa injin fetur a bakin rijiya ko cikinta don zuƙe ruwa, hayaƙinsa mai guba ya taru a ƙasa ba launi ba wari, na farko ya shiga ya faɗi, na biyu ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi, saboda ba sauran mai cewa a dakata tukuna.

Wanda ke ganin na tsananta, ya tuna ranar 30 ga Nuwamba, 2021, da kwale-kwale ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga Badau za su taron Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu. Ya tuna kuma yaran da ruwa ya ci a ƙasar Mai'aduwa cikin kwanakin ƙaramar Salla ta 2022. A irin waɗannan ranaku masunta da samarin ƙauye ne kan faɗa ruwa da numfashin ƙirjinsu kawai, Allah ya saka musu da alheri. Amma numfashin ƙirji minti ɗaya ne zuwa biyu, madatsa kuwa ba rijiya ba ce.

A nan nake roƙon malamanmu su dubi mas'alar da idon fiƙihu. Ceton ran da ke halaka wajibi ne a kan mai iko. Wanka da sutura da salla da binne mamaci farilla ce ta kifaya, in waɗansu sun yi ta faɗi a kan saura, in an rasa mai yi kowa ya yi laifi. Wanda ruwa ya ci, ko da yake yana da ladan shahada, ana yi masa wanka a sallace shi kamar kowa. Ma'abota usulu kuwa sun tabbatar cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, hukuncin wajibin yake ɗauka. Kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san nauyin hukuncin mafƙudi, wato wanda ya ɓace ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba: matarsa ta jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara an bincika, sa'an nan ta yi takaba, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Mai nutson da ya fito da gawa, ashe ba gawa kaɗai ya fitar ba. Ya fitar da mace daga shubuha, ya fitar da marayu daga jira, ya ba uwa wurin da za ta nuna ta ce nan ɗana yake. Da wannan nake ganin koyon nutso a ƙasar da ke da ruwa mai zurfi ya shiga sahun farillan kifaya, kamar likitanci da ungozoma.

Wani lokaci ma abin da ake fitarwa rayayye ne. A ranar 26 ga Mayu, 2013, wani ƙaramin jirgin ja mai suna Jascon 4 ya kife a tekun Nijeriya daura da Escravos, ya kwanta a zurfin mita 30 da ma'aikatansa 12. Bayan kusan sa'a 60 masu nutso suka shiga neman gawarwaki, ɗayansu ya ga hannu cikin duhu ya kama, sai hannun ya damƙe shi. Kukun jirgin ne, Harrison Okene, wanda Allah ya tsare cikin ɗan sararin iska da ya maƙale a wani ɗaki, cikin duhu da sanyi da ƙishirwa, abin da ke tuna wa mumini ƙissar Annabi Yunusa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ba su fito da shi kai tsaye ba, domin da sun yi haka da jininsa ya kashe shi. Sai da ya ƙara kwana biyu da wani abu cikin ɗakin ƙarfe ana rage masa matsi sannu-sannu. Bayan shekara biyu shi da kansa ya koyi nutso ya mai da shi sana'a. Ƙaddara ce ta raya shi, babu shakka, amma ta hannun mutanen da suka riƙi sababi ta biyo, tawakkali kuwa bai taɓa hana ɗaure raƙumi ba.

Ba mu rasa tushen da za mu ɗora a kai ba. Kabawa da Sarkawa suna nan da Sarakunan Ruwansu, ana kuma gasar nutso a bikin kamun kifi na Argungu da aka faro tun 1934. Akwai jami'an kashe gobara da ake kira in an faɗa rijiya. Akwai samari masu ƙarfin zuciya a kowane ƙauye da ke bakin madatsa. Abin da ya rage shi ne kowace ƙaramar hukuma ta zaɓi 'yan ƙalilan daga cikinsu ta tura su koyo, a tanadar musu tukunyar iska da igiya da fitila, a wajabta rigar kariya ga mai shiga kwale-kwale, a hana lodin da ya wuce kima, limamai su yi huɗuba a kan hayaƙin inji a rijiya, ɗalibanmu na jami'a kuma su zauna gaban sauran dattawan da suka rage su rubuta abin da ke ƙirjinsu tun ana iya tambayarsu.

A daren nan na Sabuwa, da wutar ta ci ta koma garwashi, na ba jikana labarin dattijon da aci-balbal ɗinsa da fizga biyu, yana saurare har ya manta da wayar a cinyarsa. Da na gama ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Kaka, in yau wani ya faɗa, wa za a kira?" Na bi gidajen da na sani ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, daga Ƙanƙara har Faskari, na tarar duk wanda zan ambata an riga an yi masa addu'ar arba'in. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, ina fata kafin yaron nan ya kai shekaruna, in jikansa ya yi masa irinta, ya sami sunan da zai faɗa. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya riƙe, na kusa da na nesa, ya jiƙan waɗanda suka shiga sanyi suka fito mana da namu, ya kuma tashe mu daga gafala tun igiyar ba ta gama suɓucewa daga hannunmu ba.